Iskar Taya a Ƙofar Gidan Surukai

Zuwa ga yayan Salamatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka, yarinyar nan Rabi, da abin da take ɗauke da shi. Allah ya tsare ku a zaune, ya tsare ku a tafe, ya sa tashin da za ku yi daga Agye zuwa Gidan Rumji ya zama alheri. Mu nan Gazawa lafiya lau, babanku yana gaishe ka. Ba labarin gida ya sa na ɗauki alƙalami ba, don haka kada ka neme shi a ciki.

Za ka ga rubutun a karkace, layi yana hawa yana gangarowa. Nawa ne. Na zauna ƙarƙashin dogon yaro tare da masu yaƙi da jahilci, mata suna yi mini dariya wai me tsohuwa za ta yi da boko. To ga abin da zan yi da shi. Kai ne ɗana na fari. Tun da na haife ka ban kama sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na yi maka magana ido da ido ba, haka muka tarar kuma haka na bi. Amma yau raina a ɓace yake, kuma ba zan aiki kowa ba, don na san duk wanda na aika sai ya tausasa maganar a hanya kafin ta iso kunnenka.

Ranar kasuwar da ta wuce ka zo nuna wa babanku babur ɗin da aka ba ka na rangadin allurar shanu. Ina cikin gida, amma darni yana da kafa. Na ga Malam Idi, baffan Rabi, ya jingine kekensa ya zo ku gaisa. Na ga ya zagaya babur ɗin, ya danna tayar baya da yatsa, ya ce, "Haba ɗana, da wagga taya ka taho tun daga Agye? Miƙo famfo." Na ga ka ciro famfo ka miƙa masa hannu biyu. Tsohon ya naɗe hannun riga ya dinga bugawa har gumi ya jiƙa masa gemu, kai kana tsaye kanka a sunkuye kana ta godiya. Da ya gama, na ga idonka ya sauka kan tayar. Ka gane. Na san ka gane, don ni na haifi fuskar nan. Sai ka ɗauke kai, ka buga babur, ka tafi a haka ba ka taɓa ta ba.

Na zauna daɓas a bakin murhu. Salamatu ta tambaye ni ko ƙafar ce ta motsa, na ce mata i.

Yanzu kuma an ce za ka ɗauki Rabi a bayanka da cikinta, ku ratse daga Cadawa ku shiga ƙauyen mahaifinta Malam Haruna ta yi sallama, sannan ku wuce Maradi ku kama hanyar Gidan Rumji. Wannan ratsewar ce ta hana ni sakewa. Da ta ni ce, da a kamyo, babbar motar kayan nan, za ta tafi, amma kamyo ba ya shiga ƙauyensu, kuma ba ni da fuskar hana yarinya ganin uwarta kafin tafiya mai nisa. To tunda haka ne, buɗe kunnenka.

Za ka ce me mace ta sani game da taya. Lokacin da kake lakol, makarantar boko, a Maradi, kantin da babanku yake saya wa gyaɗa ya ba shi wani tsohon babur, ƙato, baƙi, mai nauyin jaki biyu, don ya riƙa zagaya ƙauyuka. A tsakar gidanmu yake kwana. Babanku yana da ciwon kafaɗa tun yana saurayi, idan ya buga famfo kaɗan sai ya kama nishi. Ni kuwa hannuna ya saba da taɓarya. Wata safiya na karɓa don wasa, daga nan ya zama aikina, bayan na ɗora koko sai in juya kan babur. Ba wanda ya sani a waje, don da an sani da an yi da babanku a kasuwa. Shekaru na yi ina wannan aiki, kuma duk abin da na sani game da shi sai da na ɓata sannan na koya.

Kuskurena na farko, na yarda da idona da yatsana. Babur ɗin ya zo da ma'aunin iska, ɗan ƙarfe siriri kamar alƙalami, irin wanda na tabbata yana cikin jakar kayan gyaranka, wataƙila ma ba ka taɓa warware shi daga tsummansa ba. Na raina shi. Na ce ni da nake gane nunar tuwo da ido, wani ɗan ƙarfe ne zai koya mini? Wata safiya na duba tayar baya, na ga a tsaye take, na danna na ji tauri, na ce ta yi. Babanku ya ɗaura kaya ya tafi. Ashe iskar ta zurare rabi. Fatar tayar babur tana da kauri, ko ba komai a cikinta sai ta tsaya tana yi maka ƙarya. A kan jar hanya ta ɗauki zafi, robar ciki ta ja, ta yage daga gindin bawul, ɗan bakin da ake buga iska, can tsakanin Gazawa da Agye inda ba gida ba rijiya. Tura shi ya yi da ƙafa cikin rana. Ya shigo gida leɓɓansa sun tsage, ya ɗauko ma'aunin ya ajiye mini a kan faifai.

Don haka kowace safiya, kafin ka buga babur, kafin rana ta taɓa shi, ka duƙa ka auna gaba da baya. Adadin da bakaniken buro, mai gyaran baburan ofishinku, ya faɗa maka, shi ne, ba abin da yatsanka ya ce ba, ba abin da mai keke ya ce ba. Mai keke bugawa yake yi har sai yatsa ya kasa shiga, haka kekensa yake so, kuma a ganinsa duk abin da yake da ƙafar roba keke ne. Ranar da za ka ɗauki Rabi da ƙullin kayanta, tayar baya tana son ƙari a kan abin da kake ba ta in kai kaɗai ne. Ka tambayi bakaniken ko nawa ne ƙarin, ka tambaye shi tun yanzu, kada girman kai ya hana ka. In ka gama bugawa, ka tofa yawu a yatsa ka shafa a bakin bawul. In ya yi kumfa, tana zurarwa. Ka mayar da ɗan murfin nan, kada ka jefa shi aljihu ka manta, yashi yana shiga ya hana bakin rufuwa. Sannan ka juya tayar a hankali da hannu kana dubawa. Ƙayar aduwa takan shiga ta karye a ciki ta yi shiru, sai kun yi nisa ta ƙarasa aikinta.

Kuskurena na biyu, wayo ne ya yi mini yawa. Da na fara amfani da ma'auni sai na zama ba na ajiye shi. Wata rana babanku ya dawo da tsakar rana, babur yana huci, na auna na ga iska ta haura adadi. Na ce to, yau na kama ta, na danna bawul na rage. Da gari ya waye na auna, ta yi ƙasa sosai. Na ce huda ce. Muka kwance taya, muka tsoma robar ciki a kwaryar ruwa muna neman kumfa, ba huda ba alamarta. Hantsi ya yi, mutanen da suke jiransa da gyaɗarsu suka gaji suka watse, mai kanti ya wanke shi tas a gaban yara. Sai daga baya wani direba ya gaya masa cewa iska tana kumbura da zafi, ta koma in ta huce. Kada ka rage wa taya iska don ka auna ta da zafi ka ga ta hau. Ka bar ta ta huce a inuwa, sannan ka ji gaskiyarta. Kuma duk inda ka sauka, kai da kanka ka tura babur inuwa. Mutanen ƙauye a fili suke son kafa shi, tsakiyar rana, inda kowa zai gani ya san sun yi babban baƙo.

Waɗannan biyun wahala kawai suka jawo. Na ukun shi ne dalilin takardar nan.

Da bazara ne, zafi ya kai inda ya kai. Ina da ciki, ya fito, wanda da ya zo da shi ne ƙanin Salamatu. Mahaifina ya aiko yana son ganina, babanku ya ce zai kai ni ƙauyenmu a babur mu dawo a yinin. Ka san hanyar, daga inda aka bar babbar hanya yashi ne zalla har ƙofar gidanmu. A bakin yashin babanku ya tsaya ya rage iska kaɗan gaba da baya, yadda ake yi, don taya ta baje ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Muka isa lafiya lau, ko girgiza ban ji ba.

Kakanka mutum ne mai doki, kuma mai son a ce ya iya karɓar baƙo. A gidansa baƙo ba ya taɓa linzami bayan ya sauka. Samari ne za su kama dokin, su kwance sirdi, su ba shi ruwa da harawa, kuma abin kunya ne baƙo ya leƙa ya ga me aka ba dabbarsa, kamar yana cewa bai yarda da mai gida ba. Haka suka yi wa babur. Kawunka Illo da sauran samari suka karɓe shi daga hannun babanku, suka kafa shi a fili gaban zaure. Aka shigar da babanku ciki aka kawo masa fura, ni na wuce wurin mata.

Ina zaune da ludayi a hannuna na ji muryar mahaifina daga waje. "Kai Illo, ba ku da idanu? Dokin baƙo ya iso da ciki a lotse, kuna tsaye kuna kallo nai? A ba shi iska shi ƙoshi."

Sai na ji an ciro famfo. Kunnena ya san famfon nan kamar yadda ya san kukan 'ya'yana. Na san ƙarar da yake yi in taya tana karɓa, na san yadda ƙarar take gajarcewa in ta kusa cika, na san inda ya kamata a tsaya. Suka kai wurin, suka wuce. Wannan ya gaji ya miƙa wa wancan, ana dariya, ana yi wa wanda ya kasa tura famfo ba'a wai ba ya cin tuwo. Na miƙe tsaye. Innata ta kama mini zane ta ce, "Zamna, ɗiyata. Mi ya haɗa mace da ƙarhe? Ko so kike a ce mijinki ke ka yi mai aikin maza?" Na zauna. Can na ji mahaifina ya ƙwanƙwasa tayar gaba da sandarsa, ta yi ƙara kamar an bugi turmi, ya ce, "Yawwa, yanzu kam ta yi."

Babanku yana cikin zaure, taku kaɗan tsakaninsa da su. Duk ya ji. Furar ma kasa shanye ta ya yi. Amma surukinsa ne ya ba da umarni, surukinsa ne ya sa sanda ya ce ta yi. Wa ya isa?

Da muka fito tafiya, babur ya sha rana tun hantsi har bayan azahar, mazauninsa ba ya taɓuwa. Babanku ya dubi tayar, ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa. Kalma ɗaya ta ishe mu. Da na ce ina jin jiri a dakata, da na ce a tura shi inuwa in huta, da na yi kowace irin ƙarya ta mai ciki, da an saurare ni. Ban yi ba. Na ji kunyar ubana, na ji kunyar a gane a gaban 'yan'uwana cewa na san abin da mace ba ta kamata ta sani ba. Na gyara zane na hau.

Na san abin da yake ranka yanzu, don shi ne ya zo ran babanku. Kana cewa, ai sai in yi godiya in tafi, in na ɓace wa idonsu in tsaya in rage. Haka ka yi niyya ranar kasuwa, ko ba haka ba? To ka manta da rakiya. Illo ya hau doki, wani ya hau keke, yara suka biyo mu da gudu, sai sun kai mu ƙarshen gonaki kamar yadda ake yi wa baƙon kirki. Babanku yana tafiya a hankali, tayar gaba tana yanka yashi tana zamewa hagu da dama, ga surukai a gefe suna ɗaga hannu, ba halin tsayawa. Da suka juya, mun riga mun shiga yashi mai zurfi, inda in ka tsaya da kaya ba ka sake tashi sai an tura ka. Ya waiwayo ya ce mini, "Riƙe ni da kyau. Bari mu kai tsamiyar can bakin hanya in rage." Ina ganin tsamiyar. Ya ƙara wuta don mu fita daga yashin. A daidai inda yashi ya haɗu da marmara akwai wani tudu mai duwatsu, tayar gaba ta dake shi, tsohon facin da yake cikinta ya ce bai iya ba. Ƙarar kawai na ji.

Na farka babur yana kan ƙafata, salansa tana cin naman cinyata. Su Illo ɗin da suka buga iskar, su suka ji ƙarar suka dawo, su suka ɗauke ni a kan ƙyauren ɗaki suka mayar da ni gidan da na baro. Maɗori ya yi abin da zai iya, ƙugu bai koma daidai ba, ka ga yadda nake tafiya har yau. Kafin la'asar ta yi sanyi cikin ya zube. Namiji ne. Babanku ya mayar wa kanti babur ɗinsu, bai sake hawa ba har yau.

Kowa ya zo ya ce ƙaddara. Mahaifina ya ce ƙaddara, kuma har ya koma ga Allah yana ba da labarin yadda ya karrama surukinsa ranar nan, bai taɓa sanin me sandarsa ta yi ba. Na yarda da ƙaddara, ina salla, ba wanda zai koya mini ita. Amma Allah ya ba ni kunnen da ya ji famfon nan ya wuce iyaka, ya ba ni baki, na rufe shi. Wannan ba zan ɗora wa ƙaddara ba.

Kuskurena na ƙarshe kuwa, shi ya fi ba ni haushi yanzu. Da za ka dawo hutu, aka taru aka ce kada a ɓata sunan tsoho a wurin jikansa, a ce maka akuya ce ta gitta. Na yarda. Ka taso kana ganin uwarka tana ɗingishi kana jin haushin wata akuya da ba a taɓa haifa ba. Da mun gaya maka gaskiya tun kana yaro, da ranar kasuwar nan hannunka bai miƙa famfo da sauƙi haka ba. Mun rufa wa matacce asiri, muka bar mai rai a buɗe. In Allah ya ba ka 'ya'ya, abin da ya ji maka ciwo ka gaya musu sunansa na gaskiya, ko da laifin na wanda kake jin nauyi ne.

Bayan ka tafi ranar nan na sami babanku a zaure. Na ce masa, "Malam, ka ga abin da na gani?" Ya ce ya gani. Na ce, "To ka kira shi ka yi masa magana mana, ai ɗanka ne." Ya ja casbinsa ya ce, "Mi zan ce mai? In ce shi yi abin da ni na kasa?" Ya ce Allah shi kiyaye. Na ce amin, na fito, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa miji. Ba mugun mutum ba ne babanku, ka sani. Kunya ce ta yi masa yawa, kuma kai ka gado ta duka, ba ka bar wa ƙannenka ko kaɗan ba.

Abin da yake ƙona mini rai shi ne, an ce yanzu ƙasa ta dawo hannunmu. An sauke tutar Nasara an ɗaga tamu, ku ne a buro, ku ne da kaki da hula. An ce mini in ka isa ruga, ardo da kansa yake tasowa, ka ce a kama bijimi a kama, ka ce a kayar a kayar. Jandarma ma, da bindigarsa, gaishe ka yake yi. Duk wannan, amma tsoho ɗaya mai keke ya ce miƙo famfo, ka miƙa masa hannu biyu. Za ka zagaya Sae Sabuwa da Gidan Sori da ƙauyukan da ban san sunansu ba, kuma a kowane gari akwai mai gari mai son karrama baƙon gwamnati, akwai samari masu ƙarfin hannu da ba su da aikin yi da rani. Duk inda ka shiga ta yashi da taya a sassauce, sai wani ya ji tausayinta. In ba ka koyi duƙawa a gabansu ba, wata rana a kan ƙyaure za a kawo mini kai.

Ban ce ka yi rashin kunya ba. Ni na yi maka tarbiyya, ba zan rushe ta da hannuna ba. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gai da Malam Haruna, kada ka haɗa ido da shi, kada ka ci abinci a gabansa, duk ka yi. Na yi tunanin in ce ka ɓoye famfon a jaka, sai na ga banza ne, za su tambaya kuma ba za ka iya cewa babu ba. To su buga. Ka gode musu, alheri suka nufa, ba su san wani abu ba. Amma kafin Rabi ta ɗaga ƙafa ta hau, nan a ƙofar gidan, kowa yana tsaye, ka sa a tura shi inuwa ya huce in ya sha rana, ka duƙa, ka ciro ma'auni, ka auna gaba, ka auna baya. Ka rage ta koma yadda yashi yake so. Za a ji iska tana fita, za a yi tsit, wani zai yi tari, Malam Idi zai ɓata fuska. Kada ka ɗago sai ka gama. In kun fita yashi kun hau babbar hanya, ka sauke Rabi a inuwa, ka mayar da iskar da ka rage kafin ka ƙara ko taku ɗaya, ko masu rakiya suna nan ko sun juya. Taya a sassauce a kan marmara da mutum biyu ita ma kisa take yi.

Na san ka. Na san kana karanta wannan kana cewa to Inna, kuma ranar, in Malam Haruna ya sa hannu a kan tayar ya ce ta yi, harshenka zai manne. Don haka ga abin da za ka faɗa, na ba ka shi kyauta, ba sai ka nemi naka ba. Ka ce, "Baba, a gafarce ni, ba ni ba ne. Tsohuwata ce ta yi mini rantsuwa, ta ce in na ɗauki ɗiyarku ban auna da hannuna ba, ba ta yafe ba." Kuma ba ƙarya za ka yi ba, don ga shi na rubuta: ban yafe ba.

Su ji haushina. Su ce uwar mijin Rabi fitinanniya ce, ta raina karamcinsu, tana mulkin ɗanta daga Gazawa. Su faɗa a rijiya, su faɗa a kasuwar Cadawa, in an zo suna su ƙi gaishe ni. In Malam Idi ya tambaya wace tsohuwa ce wannan da ta san taya fiye da maza, ka ce masa gurguwar nan ce. Ban taɓa barin kowa ya kira ni haka ba, amma kai na ba ka izini, ka faɗa da ƙarfi yadda na bayan darni ma za su ji. Na yi shiru sau ɗaya don a ce ni 'yar kirki ce, an kuwa faɗa, har yau ana faɗa a ƙauyenmu. Na ga abin da ya jawo mini.

Allah ya kai ku lafiya, ya kare ku daga sharrin ƙarfe da na hanya, ya sauki Rabi lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar da bai ba mu ba ni da babanku. Ka gaishe ta, ka ce ta zauna sosai ta riƙe ka, kada ta ji kunyar cewa a tsaya.

In kun isa, kada ka aiko a ce mini kun sauka lafiya. Lafiya lau aka aika aka ce maka kana lakol, ni kuwa ina kwance a kan ƙyaure. Ka aiko mini da wanda ya gani da idonsa, ya zo ya tsaya gabana ya ce ya ga Rabi ta sauko daga babur, ta taka ƙasa da ƙafafunta biyu, ta shiga ɗakinta da cikinta, ba wanda ya riƙe ta.

Ni ce mahaifiyarka,
daga Gazawa.